Mota Ba Ta Gumi: Abin da Ke Sa Injin A-kori-kura Zafi da Bazara

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe, ko ta Gusau zuwa Bunguɗu, tsakanin watan Maris da na Mayu, da wuya ya isa inda za shi bai ga wata a-kori-kura tsaye a gefen titi ba, an ɗaga mata bonet, tururi na tashi, yaron mota ya ruga da galan neman ruwa. A bakin direbobi da makanikai, motar ta yi obahitin ke nan, wato zafin injinta ya wuce kima.

Waɗannan motoci su ne jakunan wannan zamani a Jihar Zamfara. Tun bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, a-kori-kura samfurin 404 da 504 suka cika hanyoyin karkara, daga baya Toyota Hilux da ire-irenta suka biyo sahu. Su ke kwaso gero da dawa da masara da wake da auduga da dabbobi daga ƙauyuka zuwa kasuwanni. Idan ɗaya ta tsaya, asarar ba ta mai mota kaɗai ba ce. Kayan gwari na lalacewa a rana, dabbobi na galabaita, kasuwa na watsewa kafin a isa. Bugu da ƙari, tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi jihar, lalacewar mota a daji bayan la'asar ta zama maganar rai.

Wannan darasi zai duba inda zafin inji yake fitowa, da yadda mota take fitar da shi, da dalilin da ya sa abin ke faskara da bazara, sannan da gyare-gyaren da suke da tushe a kimiyya. Da yake kowane ɗalibi ya san yadda jikinsa ke yi idan rana ta take, da jikin za a riƙa gwada injin.

Daga ina zafin yake fitowa?

A cikin silinda ake ƙona fetur ko man gas tare da iska, ƙarfin wutar ya tura fistan, fistan ya juya tayoyi. Zafin wannan wuta yakan wuce digiri 2,000 a ma'aunin Selshiyas na ɗan ƙanƙanen lokaci, alhali kuwa alminiyam, wato goran-ruwa, wanda ake yin fistan da shi, yana narkewa a digiri 660. Daga cikin ƙarfin da ke cikin fetur, abin da yake zama tafiya bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Kusan wani kashi ɗaya cikin uku yana fita ta salansa tare da hayaƙi. Sauran kuwa yana shiga ƙarfen injin, kuma dole a fitar da shi.

Lissafi zai nuna girman aikin. Masana kimiyya suna auna yawan zafi da ma'aunin jul. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da kimanin jul miliyan 33. A ɗauka a-kori-kura mai lodi tana shan lita 8 a awa ɗaya, jul miliyan 264 ke nan. Kashi ɗaya cikin uku na wannan shi ne miliyan 88. Idan aka raba shi da daƙiƙa 3,600 da ke cikin awa, za a sami kimanin jul 24,000 a kowace daƙiƙa, wato wat 24,000. Daidai yake da a kunna dutsen guga na lantarki guda 24, kowane mai wat 1,000, a jera su a ƙarƙashin bonet. Wannan zafi ya isa ya tafasa ruwa lita 10 cikin kimanin minti 2, ruwan da ke cikin irin waɗannan motoci kuwa bai cika wuce lita 10 ba. Shi ya sa idan fambel ya tsinke, ko famfon ruwa ya tsaya, ba a yin nisa allurar zafi ta hau ja.

Hanyar da ruwa ke bi

An zaɓi ruwa ya kwashi wannan zafi saboda ƙarfinsa na riƙe zafi. Kafin zafin giram ɗaya na ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya, sai ya sha jul 4.2, ninki huɗu na abin da giram ɗaya na iska zai sha. Da yake lita ɗaya ta ruwa giram 1,000 ce, ta iska kuwa kimanin giram 1.2, lita guda ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai iska lita 3,500 za ta ɗauka.

A cikin ƙarfen injin an bar hanyoyi da suka kewaye kowace silinda. Famfon ruwa, wanda fambel ke juyawa, shi ke tura ruwa cikin hanyoyin ya kwaso zafi. Daga nan ruwan ya bi ta tiyon sama ya shiga lagireto, inda yake rarrabuwa cikin siraran bututu masu yawa, waɗanda aka manna wa 'yan fallayen ƙarfe kamar saƙar zuma. Amfanin fallayen shi ne su ƙara faɗin wurin da iska za ta taɓa. Iskar tafiya da ta fanka suna ratsa saƙar su tafi da zafin, ruwan ya koma inji ta tiyon ƙasa. Wani injiniya Bajamushe, Wilhelm Maybach, shi ya sa irin wannan lagireto mai saƙar zuma a motar Mercedes ta 1901, kuma har yau a kan wannan dabara ake.

Ɗalibin ilmin halittu zai gane wannan tsari nan da nan. Famfon ruwa shi ne zuciya, tiyo su ne jijiyoyin jini, lagireto kuwa fata. Idan jiki ya ɗauki zafi, ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata suna buɗewa don jini ya kawo zafin ciki waje. Giwa tana da irin waɗannan jijiyoyi jingim a faffaɗan kunnuwanta, tana kaɗa su kamar fanka. Akwai kuma wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas, wanda ke lura da zafin jini don ya tsaya a wajen digiri 37. Takwaransa a mota shi ne tamostat, wata 'yar ƙofa da ke bakin hanyar lagireto. A cikinta akwai kaki wanda yake kumbura idan ya narke. Da safe ƙofar tana rufe, ruwa na zagaya injin kaɗai har ya ɗumama. Idan zafin ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon ƙirar motar, sai kakin ya tura ƙofar ta buɗe.

Inda mota ta bambanta da jiki

Kamar ta tsaya a nan, domin jiki yana da wata dabara wadda mota ba ta da ita, wato gumi. Duk giram ɗaya na gumi da ya bushe a kan fata yana tafiya da kimanin jul 2,400 na zafi. Da wannan hanya ce randa da tulu suke sanyaya ruwa, domin ɗan abin da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa ya tafi da zafin na ciki. Saboda gumi, manomi zai iya yin sharar gona da tsakar rana ko da iskar ta fi jikinsa zafi, in dai yana shan ruwa yana mayar da abin da ya fita.

Ruwan mota kuwa a rufe yake. Ba a yi shi don ya bushe ba, aikinsa ɗauko zafi daga inji ya miƙa wa iska ya koma. Saboda haka motar da ake ƙara wa ruwa kowace safiya ba ƙishirwa take ji ba, yoyo take yi ko tafasa. Direbobi da yawa sun ɗauki ƙarin ruwa kullum tamkar shan ruwan ɗan Adam, har suna cewa motar mai shan ruwa ce. Lafiyayyar mota takan yi watanni ruwanta bai yi ƙasa a zo a gani ba.

Tun da mota ba ta gumi, abin da ya rage mata shi ne ta fi iskar da ke kewaye da ita zafi, domin zafi daga abu mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi. A nan raƙumi yana da darasi. Wani masanin halittu ɗan asalin ƙasar Nowe, Knut Schmidt-Nielsen, ya yi bincike a Saharar Aljeriya, ya bayyana a 1957 cewa raƙumin da bai sami ruwa ba yana barin zafin jikinsa ya tashi daga wajen digiri 34 da asuba zuwa kusan 41 da rana, sannan ya sauke shi da dare ba tare da asarar ruwa ba. Masu ƙera inji ma sun zaɓi jure zafi a kan asarar ruwa. Sun bar ruwan inji ya yi aiki a wajen digiri 90 ko sama da haka, don tazarar da ke tsakaninsa da iskar waje ta yi faɗi.

Me ya sa sai da bazara?

A 1701 Isaac Newton na Ingila ya bayyana cewa saurin hucewar abu ya danganta da tazarar da ke tsakanin zafinsa da na abin da ke kewaye da shi. A gwada wannan ƙa'ida da yanayin Gusau. Da safiyar hunturu, iska tana digiri 20, ruwan lagireto yana 90, tazara 70 ce. Da azahar ɗin watan Afrilu, iska tana iya kai wa 42, tazara ta koma 48. Lagireton bai sauya ba, fanka ba ta sauya ba, amma ƙarfinsu na fitar da zafi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Masu ƙera motoci sun san da wannan, sun kuma bar rara. Lafiyayyar mota mai lodi daidai kima tana iya ratsa bazara ba tare da tafasa ba. Abubuwa uku ne suke cinye rarar tun kafin zafi ya zo.

Na farko shi ne lodi da hanya. A-kori-kurar da aka yi don kimanin tan ɗaya, idan aka ɗora mata buhu 20 na masara, ga mutane a sama, ta ɗauki ninkin abin da aka yi ta dominsa. A hanyar burji mai yashi da ramuka, ko a hawa, direba yana tafiya da ƙaramar giya. Injin na ƙona mai da yawa, iskar tafiya kuwa kaɗan ce. Zafin da ake samarwa ya ƙaru a daidai lokacin da iskar kwashe shi ta ragu. Haka abin yake idan an daɗe a layin shingen bincike ko a cunkoson ranar kasuwa.

Na biyu shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo ƙurar Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Lokacin ne kuma ake sussuka da sheƙar hatsi da jigilar auduga. Ƙura da ƙaiƙayi da zaren auduga da ƙwari suna cushewa a saƙar lagireto, musamman idan akwai maiƙon da zai riƙe su. Mota takan shiga bazara da lagireto sanye da bargo.

Na uku shi ne ruwan da ake zubawa. Ruwan rijiya da na burtsatse yakan zo da narkakkun ma'adinai, irin waɗanda ke barin farin ɓawo a gindin tukunyar da ake yawan tafasa ruwa a ciki. Ruwan gulbi ko na kududdufi kuma yana zuwa da laka. Ɓawon yana hana zafi ratsa ƙarfe, laka da tsatsa suna toshe siraran bututu. Duk ranar da aka ƙara irin wannan ruwa, an ƙara ɓawo.

Murfi da tamostat

Ƙananan kaya biyu ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Na farko murfin lagireto. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku. Gusau tana kimanin mita 450 sama da teku, saboda haka a can yana tafasa a wajen digiri 98 da rabi. Idan aka matsa ruwa a rufaffen wuri, sai ya ƙara zafi kafin ya tafasa. Murfin yana da sifirin da roba da suke riƙe matsi, lambar 0.9 ko 1.1 da ke rubuce a kansa ita ce yawan matsin da yake riƙewa. Da lafiyayyen murfi, ruwa ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120. Idan robar ta mutu, ko aka toshe bakin da tsumma da leda, an yi asarar digiri 20 na rara. Da zarar ruwa ya tafasa, tururi ya shiga tsakaninsa da ƙarfe, tururi kuwa ba ya kwasar zafi kamar ruwa, sai kan silinda ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone.

Na biyu tamostat. Ya zama al'ada a gareji da yawa a cire shi, bisa cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Gaskiya ne tamostat yakan lalace ya maƙale a rufe, ya sa inji tafasa, amma maganin wannan shi ne a sa sabo. Injin da aka cire wa shi yana daɗewa bai ɗumama ba da safe, yana shan mai da yawa, ringi da silinda suna saurin cinyewa. A injina da dama kuma, tamostat idan ya buɗe hanyar lagireto yana rufe wata gajerar hanya da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. Idan babu shi, wani kaso na ruwan zafi zai riƙa bin gajerar hanyar ba tare da ya leƙa lagireto ba. Ana iya gwada tamostat a gida: a sa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, lafiyayye zai buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Gyara da ƙari

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Fabrairu ne lokacin shiri, kuma a fara da mayar da abin da ya lalace kafin a yi maganar ƙari. A wanke saƙar lagireto da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba. A kai wa masu gyaran lagireto su buɗe shi su zuge bututun idan ya toshe. A duba fambel da tiyo da famfon ruwa, a sa murfi mai lambar da aka ƙayyade wa motar, a mayar da tamostat. A kawar da fitilu da kayan ado da suka tare gaban mota.

Sai ruwan sanyaya inji, wanda makanikai ke kira kulan. Ana haɗa shi da sinadarin etilin gilaikol da magungunan hana tsatsa. A Turai babban aikinsa hana ruwa daskarewa, a Zamfara kuwa amfaninsa hana tsatsa da ɗaga matakin tafasa, domin haɗin rabi da rabi yana tafasa a wajen digiri 107 tun kafin a sa matsin murfi. Sai dai bai kai zallan ruwa ɗaukar zafi ba, don haka kada a zuba shi tsagwaronsa idan irin wanda ake surkawa ne, a surka da tataccen ruwa. Guba ne mai zaƙi wanda ke lalata ƙoda, saboda haka a nisanta shi da yara da dabbobi.

Idan an yi duk wannan, motar kuma aikinta na lodi ne a hanyar karkara, to ƙari yana da amfani. Lagireto mai jerin bututu uku a madadin biyu yana ƙara faɗin wurin fitar zafi. Kwandon da ke kewaye fanka, wanda akan jefar bayan gyara, shi ke tilasta wa iska ratsa saƙar a maimakon ta kewaye ta gefe. Ƙarin fankar lantarki yana taimako a tafiyar hankali da tsayuwa. Tankin rara yana tare ruwan da ya kumbura ya fita, ya mayar da shi idan inji ya huce. Game da ƙarfen lagireto, jan ƙarfe ya fi alminiyam saurin ratsar zafi, kuma mai walda yana iya like shi da dalma a kowane gari, na alminiyam kuwa ya fi rashin nauyi amma gyaransa ya fi wuya. Murfin da ya fi ƙa'ida matsi yana iya fasa tsohon tiyo. Babu kuma wani ƙari da zai maye gurbin rage lodi da yin sammako.

Idan allura ta hau

Direba ya kashe na'urar sanyaya ɗaki idan akwai, ya nemi wuri mai aminci ya tsaya. Idan tururi na fita ko fambel ya tsinke, a kashe inji nan take. Kada a buɗe murfi sai bayan aƙalla rabin awa, domin ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, da an saki matsin zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Kada a kwara ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi, yana iya tsagewa. Wanda ya ƙone a riƙa zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, sannan a kai shi asibiti. Farin hayaƙi mai yawa daga salansa, ko baƙin mai da ya koma kamar madara, alamu ne na ƙonewar gaskit.

Gwaji a aji

Malami ya samo gwangwanaye uku iri ɗaya, ya zuba musu ruwan zafi daidai da juna. A bar na farko haka nan, a riƙa yi wa na biyu fifita, a naɗe na uku da auduga. Ɗalibai su auna zafin kowane bayan minti biyar-biyar har rabin awa, su zana jadawali. A maimaita da sassafe da kuma da azahar, a kwatanta.

Tambayoyi

1. Idan ruwan lagireto yana digiri 95, iska tana 25 da safe, 40 da rana, da kashi nawa cikin ɗari tazarar ta ragu?
2. Me ya sa randa take sanyaya ruwa ƙasa da zafin iska, lagireto kuwa ba ya iyawa?
3. Wane gwangwani ne a gwajin ya yi kama da lagireton da ya sha ƙurar hunturu?

Kammalawa

A taƙaice, inji yana samar da zafi mai yawa, kuma babbar hanyar fitar wanda ya shiga ƙarfensa ita ce daga ƙarfe zuwa ruwa, daga ruwa zuwa iska. Bazara tana rage tazarar, lodi yana ƙara zafin, ƙura da ɓawo suna tare hanya. Ɗalibin da ya fahimci wannan yana da abin da zai faɗa wa mahaifinsa ko yayansa direba tun kafin watan Maris ya kama: a duba murfi, a bar tamostat a wurinsa, a kuma nemi inda ruwan yake zurarewa.